Hajiya Habsatu, Mai Tsaron Kaya a Bakin Tekun Marseille

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar matata, Hajiya Habsatu. A zamaninta, idan ɗan ƙasarmu ya sauka Lyon, ɗalibi ne ko majinyaci ko wanda aiki ya kawo, ba a cewa ya iso sai abu biyu sun faru: ya ci tuwo a gidanmu na Bron da ke gefen birnin, sannan an kai shi Marseille ya ga teku da idonsa. Yau ɗalibi yana saukowa daga jirgin sama da taswirar ƙasar duka a cikin wayarsa. Kafin ya san ƙofar gidan kowa ya riga ya yanki tike, ya je, ya ɗauki hotonsa da ruwa a bayansa, ya aika gida. Ban ce aibi ne ba. Na dai ga yadda ake yi da, na ga yadda ake yi yanzu, kuma akwai wata magana da ta daɗe tana cina, wadda nake so in gyara tun ina da sauran numfashi.

Ga maganar. Shekara ashirin da biyu Hajiya tana kai mutane bakin teku, tana sa su a jirgin ruwa mai zuwa tsibiri, ita kuwa ba ta taɓa sa ƙafarta a cikinsa ba ko sau ɗaya. Ni na hana ta. Ban kuma san na hana ta ba sai da kwanakinta suka kusa ƙarewa.

Aikina tafinta ne, shi ya sa ban cika zama wuri ɗaya ba. Na ga teku a Dakar da Legas, na gan ta a Iskandariya da Jidda da Santambul, har ta daina ba ni mamaki. Hajiya kuwa 'yar Damagaram ce, haifaffiyar Birni, tsohuwar unguwar garin. Da muka zauna a Bron ta sami aiki a kicin ɗin wata makarantar yara, ta riƙe shi har ta yi ritaya. Mu mutanen Nijar ƙasarmu ba ta da gaɓar teku. Mutum sai ya tsufa ya mutu bai ga ruwan da babu ƙasa a ɗaya gefensa ba. Wannan ne Hajiya ta ɗauka kamar nauyi a kanta.

Abin ya faro ne da ƙanin mahaifina, Baffa Mamman, wanda ya zo daga Maraɗi aka cire masa yanar ido. Ranar da aka kwance masa bandeji ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce mini, “Ɗana, tunda Allah ya mayar mini da idona a ƙasar mutane, ina so in ɗora shi a kan abin da ban taɓa gani ba.” Hajiya ce ta ce teku. Muka tashi mu shida ranar wata Asabar ta bazara: ni da ita, da ɗiyarmu Nana tana 'yar shekara takwas, da Baffa, da wasu ɗalibai biyu da suka saba cin abinci a gidanmu. A lokacin tafiyar jirgin ƙasa kusan awa uku ce, daga baya ne aka gyara layin ta koma ƙasa da biyu.

Bafaranshe idan zai fita yawon buɗe ido, burodi ɗaya da kwalbar ruwa sun ishe shi. Mu kuwa muka fito kamar masu ƙaura. Kula biyu na abinci, dambun nama, kwaɗon zogale, fulas ɗin shayi, buta, darduma uku, da bargon Baffa, don ya ce bai yarda da bazarar Turawa ba. Haka muka sauko dogon matattakalar tashar Marseille, muka gangara ta cikin gari har tsohuwar tashar jiragen ruwa, inda masunta ke baje kifi da safe. Baffa ya tsaya a bakin ruwa ya zuba wa teku ido. Da ya buɗe baki, tasbihi ya yi.

A nan ake shiga jirgin da ke kai mutane tsibiran Frioul, tafiyar kamar rabin awa. Na bi layi, da na isa taga mai sayar da tike ta ce wurin mutum biyar ya rage. Wanda zai tashi bayansa kuma ba zai dawo da mu a kan lokacin jirginmu na komawa Lyon ba. Na dawo na faɗa musu. Kafin kowa ya yi motsi Hajiya ta zauna a kan wani benci, ta jawo kulolin kusa da ƙafarta, ta ce, “Alhamdu lillahi, an hutar da ni. Ni dama ruwan nan tsoro yake ba ni. Ku je, ni zan tsare kaya.”

Baffa ya dube ta da sabon idonsa, ya ɗan jima, ya ce, “Allah ya yi miki albarka, ɗiyata.” Na ɗauka addu'a ce irin wadda tsofaffi ba sa rabuwa da ita. Yanzu na san ya gane. Da ta ce masa ya shiga a madadinta, da ya rantse ba zai shiga ba. Da an bar ɗalibi ɗaya a baya, da abin kunya ne ga masu masauki. Da ni na tsaya, babu mai yi musu jagora. Hanya ɗaya ce za ta ba da wurinta ba tare da kowa ya ji nauyi ba: ta ce ba ta so. Wannan kara ce, kowane ɗan gidanmu ya san ta. Uwa takan ce ta ƙoshi idan tuwo bai isa ba. Kuma kowa ya san maganinta: a yi shiru a karɓa yau, gobe a sake tayi, a matsa, har mutum ya karɓi abin da yake so ba tare da ya roƙa ba. Baffa ya yi nasa, ya koma Maraɗi. Sauran aikin nawa ne, ni kuwa ban yi ba.

Abin da na yi ya fi rashin yi muni. A jirgin komawa, ina cikin nishaɗi, na ce wa ɗaliban, “Ku dubi 'yar Damagaram, garin da ake sammako a bi layin famfo. Yau ta ga ruwan da ya fi ƙarfin tulu, ta ce a'a, wannan ba da ita ba.” Suka yi dariya har hawaye. Hajiya ma ta yi, ta rufe baki da gefen mayafi. Labari ya yi mini daɗi a baki, na riƙe shi. Na ba da shi da Hausa, na ba da shi da Faransanci, na ba abokan aiki da Larabci da Ingilishi. Duk baƙon da ya zo gidanmu, kafin ya gama wanke hannu ya ji cewa Hajiya tana tsoron ruwa.

Tafiyar kuwa ta zama al'ada. Sau biyu ko uku kowace bazara, wani lokaci har da kaka idan sababbin ɗalibai sun iso. Hajiya ce mai tsara komai. Ita ke sanin wanda ya zo, wanda kewar gida ta fara kamawa, wanda ya kwana biyu bai fito daga ɗakinsa ba. Sai ta aika masa: ranar Asabar ƙarfe shida a tashar taram, jirgin ƙasan cikin gari, kada ka karya, akwai waina. Tana da tsari wanda ba ya sauyawa. Farko bakin ruwa, tun masu kifi ba su tashi ba. Daga nan ƙaramin jirgin nan mai tayoyin roba da ke hawa da 'yan yawon buɗe ido kan dutse, inda babban coci yake, a ga garin duka da teku a shimfiɗe. A sauko a shiga jirgin ruwa. A dawo a ci abinci, a haɗa azahar da la'asar. A ƙarshe kasuwar Noailles, inda ƙamshin kayan yaji kan sa ɗan Tawa ya tuna da uwarsa.

Ba 'yan Nijar kawai ba. Akwai Ladi, 'yar Kafanchan, Kirista, wadda ta zo karatun haɗa magunguna ba ta san kowa ba. Da aka hau dutsen ta tsaya tana kallon ƙofar cocin tana jin nauyin mutane. Hajiya ta karɓe mata jaka ta ce, “Shiga ki yi ibadarki, ki sa mu a ciki. Amma kada ki daɗe, wainar nan ba ta san Yesu ba, ba ta san liman ba, hucewa kawai take yi.” Ladi ta fito idonta jajir. Tun daga ranar take ce mata Mama, har yau kuma haka take kiranta idan muna waya.

A duk waɗannan shekarun, idan aka zo wurin shiga jirgin ruwa, ba a ma tambaya. Hajiya takan nufi bencinta, a jibge mata kaya. Sau da yawa wurin zama yana nan birjik a jirgi. Idan wani sabon ɗalibi ya ce, “Tanti, ke ba za ki ba?” ni nake amsawa, da labarina. Ta san lokutan tashin jiragen fiye da masu sayar da tike. Ta saba da wasu mata 'yan Komoro da ke zama a wurin, har suna musayar kayan miya. Idan jirginmu ya ɗaga, nakan hango ta ta miƙe tsaye, ta kare ido da tafin hannu, tana bin mu da kallo har mu sha kwanar tsohuwar ganuwa. Na ɗauka tsoro take ji kada mu nutse. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni da ake biyana don in gane abin da baƙo yake nufi, ba abin da ya furta kawai ba, ban karanta fuskar da nake gani kullum ba.

Idan muka dawo takan tambayi kowa abin da ya gani, ɗaya bayan ɗaya, dalla-dalla. Ni kuma nakan sa baki da kwatance. Wannan tsibirin ai bai kai Gorée ta Dakar tarihi ba. Wannan ruwan ai bai kai na Santambul kyau ba, inda kake shan shayi a jirgi nahiya biyu suna kallonka. Takan ce, “Malam, bar yaro ya faɗi nasa. Kai ka ga da yawa, shi wannan ce ta farinsa.”

Ciwon ya bayyana ne shekara biyu bayan ta bar aiki. Ba zan yi dogon bayani a kansa ba, waɗanda suka yi jinyar irinsa sun sani. A bazarar ƙarshe ba ta iya zuwa ba, Ladi ce ta kai ɗalibai. Washegari da hantsi Ladi ta zo gida da hotuna a wayarta, ta nuna mata, ta tafi. Muka rage mu biyu a falo, ina bare mata lemo. Sai ta ce, “Malam, duwatsun tsibirin nan, sun kai na Birni girma?”

Na ce, “Ba su kai ba. Farare ne dai, kuma babu inuwa, sai tsuntsaye.”

Ta ce, “A hoto kamar an zuba gari. Na so in taka su.”

Na yi dariya na ce, “Ke da ruwa?”

Ta dube ni yadda ake duban yaron da ya daɗe yana kuskuren aya ɗaya. “Wa ya ce maka ina tsoron ruwa?”

“Ke kika faɗa.”

“Baffa na faɗa wa. Kai kana tsaye a wurin ne kawai.”

Na ajiye wuƙar. Ta ce tun tana budurwa, da ta je hutu wurin yayarta a Yamai, ta haye kogi a kwalekwale ya fi a ƙirga, har masu tuƙi suna ba ta sanda. Ban taɓa jin wannan ba. Na ce, to me ya hana ta faɗa, shekara da shekaru?

“Ka riga ka fara ba da labarin, mutane suna jin daɗinsa. In ƙaryata ka a gaban baƙi?”

“A gida fa?”

“A gida ina jira ka tambaya. Shekarar farko na ce baɗi zai ce, Hajiya zo mu je, in ce a'a, ya ce sai kin je. Baɗi ta zo ba ka ce ba. Daga baya kuma abin ya zama kamar suna, an riga an raɗa.” Ta miƙo hannu ta karɓi lemon. “Kada ka ɓata rai. Kayan ma ai suna son mai tsaro.”

Babu zafi a muryarta, wannan ne ya fi yanka ni. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ɗakina ya yi shekara ashirin da biyu yana yoyo a kan mutum ɗaya, ina tsaye ina ba baƙi dariya da shi.

Daga ranar ban da wani buri sai in sa ta a jirgin nan. Likita ya ce a jira a gama zagayen maganin da take kai, domin yana kayar da ita. Muka jira. Bazara ta wuce. A farkon kaka ya ce akwai 'yan kwanaki kafin a fara wani zagayen, idan za mu je mu je, amma a kula da ita. Muka sa ranar Lahadi. Nana, wadda a lokacin ta yi aure tana zaune a Montreuil tana aiki a Paris, ta sauko ranar Asabar. Ladi ta aro mana keken marasa lafiya. Hajiya ta ce a toya waina, na ce babu kula, babu buta, babu darduma, yau ba a ɗaukar abin da zai nemi mai tsaro. Ta yi murmushi ta sa lufayarta shuɗiya, wadda take ajiyewa don Sallah.

Sama tas take ranar, babu ko ɗigon gajimare. Amma tun muna hanya na lura itatuwan gefen layi duk sun sunkuya gefe ɗaya. Akwai wata iska da suke kira mistral, mai gangarowa ta kwarin kogin Rhône zuwa teku. Hanya ɗaya muka biyo da ita, ta riga mu isa. Da muka fito daga taksi a tashar ruwa sai da na dafe hulata. Igiyoyin jirage suna ta kaɗawa suna ƙara kamar ana kiɗan ƙwarya. Can bakin mashiga teku ta yi fari fat da kumfa. Nana ta je taga ta dawo a hankali.

“Baba, c'est annulé. Sun ce babu jirgin da zai fita yau.”

Na je da kaina. Na yi wa mutumin da ke taga bayani da Faransancin da na yi shekara arba'in ina gogewa, na ce matata ba ta da lafiya, na ce daga Lyon muke. Ya saurare ni da ladabi, ya nuna mini teku da haɓarsa. Har ƙaramin jirgin da ke haye tashar daga wannan gaɓa zuwa waccan, tafiyar 'yan mintoci, an ɗaure shi. Ya ce watakila gobe, iskar nan ba ta da alkawari, takan yi kwana ɗaya, takan yi uku.

Da na dawo na tarar Hajiya ta sa Nana ta tura ta kusa da bencinta na kullum. Ta ƙudundune cikin mayafi tana kallon jirgin a ɗaure yana tangaɗi. Ta ce, “Ashe ƙarami ne idan babu mutane a ciki.”

Na ce za mu kama ɗaki a otal mu kwana, gobe mu gwada. Asibiti sai Laraba. Nana ta ce haka za a yi, ta fito da waya ta koma gefe don ta gaya wa shugabarta ba za ta zo aiki Litinin ba. Iska ta kawo mana muryarta tana ba da haƙuri, tana maimaitawa. Sabon aiki ne, ba ta cika wata uku ba. Na ga Hajiya ta karkata kai tana saurare. Da Nana ta dawo, kafin ta yi magana, uwarta ta ce, “Ni fa na gaji. Iskar nan ta shiga ƙashina. Ku mayar da ni gida in kwana a gadona.”

Na ce, “Hajiya, dare ɗaya ne.”

Ta ce, “Wata rana.”

Na durƙusa a gaban keken, a gaban mutane, na ce, “Don Allah ki gaya mini gaskiya. Gajiya ce, ko irin ta Baffa ce?”

Ta daɗe tana kallona. Leɓenta sun bushe, wannan ba ƙarya ba ne. Ta ce, “Malam, tashi, kada ka mai da ni abin kallo. Ka tambaya, na ji daɗi. Mu tafi.”

Muka tafi. Washegari da rana na ga hasashen yanayi a talabijin, gaɓar kudu lafiya lau, iska ta kwanta. Na kashe kafin ta gani, ko da yake ina zaton ta gani. Zagayen maganin da ya biyo baya bai bar ta ta sake fita ba sai zuwa asibiti. Ta rasu cikin sanyin hunturu, ranar wata Alhamis da hantsi, muka rufe ta a ɓangaren Musulmi na maƙabartar Bron.

Shekara bakwai ina juya wannan amsar tata. Wata rana in ce gajiya ce, jikinta ya nuna. Wata rana in ce ta ji muryar ɗiyarta a waya ne, ta sake ba da wurinta, ni kuma na sake karɓa. Na tambaya sau biyu. A gidanmu sau uku ake yi, har a haɗa da rantsuwa. Ban taɓa gaya wa Nana wannan tunanin ba sai da na zauna rubuta wannan shafi. Na karanta mata, ta yi kuka, ta ce ita ma shekara bakwai tana ɗauke da shi, tana tsoron gaya mini. Ta ce in bar shi a ciki.

Yanzu ina zaune a wurinta a Montreuil. Matasanmu na nan Paris su ma suna zuwa ganin teku, arewa suke yi, wajen Normandie, su je su dawo a yini ɗaya. A Marseille kuwa, Ladi ta ce mini, komai ya koma waya. Tike ana yankarsa tun daga gida, kowa ya san wurinsa kafin ya fito. Akwai wuraren ajiyar kaya masu makulli. Akwai motoci masu bene da ake sa wa mutum abin ji a kunne, ya zaɓi harshen da yake so, murya ta yi ta gaya masa tarihin kowane gini. Wani lungun duwatsu na bakin ruwa ma sai ka nemi izini tun da wuri kafin ka shiga da bazara, saboda yawan jama'a. Na ga irin wannan a garuruwa da dama, ko'ina hanyar ɗaya ce: an rage wahala, an rage jira, an rage buƙatar mutum ga mutum.

Nakan tambayi kaina me za ta ce. Ba na jin za ta yi ƙorafi, ba halinta ba ne. Ina jin za ta karɓi wayar ɗalibi ta duba hoton, ta yaba, sannan ta tambaye shi abu biyu: me ka ci, kuma da ka dawo wa ka ba labari? Domin abin da take bayarwa ke nan, ba teku ba. Teku tana nan ko da ita ko babu ita. Abin da babu yanzu shi ne mutumin da zai lura ka yi kwana uku ba ka fito ba, ya aiko a ce maka Asabar ƙarfe shida. A wani gefen kuma, ba zan ɓoye ba, da a zamanin nan muka kai Baffa, da mun yanki tike shida tun daga Bron, da babu wanda zai ba da wurinsa. Wayar da nake gunaguni a kanta da ta kai matata tsibiri.

Ladi ta riƙe tafiyar bazara biyu bayan rasuwar, sannan abin ya mutu da kansa. Ba laifinta ba ne. Ta aika, mutane suka ce sun riga sun je. Amma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Duk shekara idan watan rasuwarta ya kama, saƙonni suna zuwa mini daga Yamai da Maraɗi, daga Kano da Jos, har daga Kanada. Likitoci ne yanzu, da injiniyoyi, da malaman jami'a, wasu da furfura. Kowa da abin da yake tunawa: wainar, ko faɗan da ta yi masa don ya zo babu rigar sanyi, ko yadda ta riƙe masa hannu a bakin ruwa don jiri ya ɗebe shi. Kusan kowannensu kuma yakan rufe da abu ɗaya, don ya sa ni murmushi: Allah ya jiƙan Tanti, mai kai mutane teku tana tsoron ruwa.

Saboda su na rubuta wannan. Ku da kuka ji labarin nan daga bakina, a falonmu ko a jirgin ƙasa ko a kan ruwa ita tana tsaye a gaɓa, ku gyara shi, ku gyara wa waɗanda kuka ba. Ku yi mata addu'a, Allah ya yalwata mata makwanci, ya ba ta abin da ta bar wa wasu ninki ba adadi, ni kuma ya yafe mini.

Hajiya Habsatu ba ta tsoron ruwa. Ta ba baƙo wurinta ne sau ɗaya, mijinta bai sake yi mata tayi ba sai da lokaci ya ƙure. Gidan Bron mun mayar da mabuɗinsa, wasu ne a ciki. Yanzu ba a taruwa a tashar taram ranar Asabar, ni kuma ban sake komawa Marseille ba.